Tanti ko Tamfol: Wanne Ya Cancanci Shiga Jakar Ko-ta-kwana?

Wata shekara a tsakiyar marka, mu huɗu muka hau duwatsun Shere da ke gabas da Jos, da niyyar mu sauko kafin magariba. Ba mu sauko ba. Hadari ya haɗo da la'asar sakaliya, hazo ya rufe hanya, ɗaya daga cikinmu kuma ya gurɗe a ƙafa. Da aka ga kwana ya zama dole, sai kowa ya zazzage jakarsa. Malamin makarantar da ke tare da mu ya fito da ɗan tanti na mutum biyu da ya saya a gwanjo. Babbanmu, wani tsohon soja da muke kira Kofur, ya fito da tamfol da ƙullin igiya.

Kafin Malam ya gama gane wace sanda ke shiga wane rami, Kofur ya ɗaure tamfol ɗinsa tsakanin wata 'yar bishiya da tsagin dutse, ya danne gefensa da duwatsu, har ya zauna yana dariya. "Malam, in ka gama karatun, ga inuwa." Malam ya jiƙe sharkaf kafin ɗakinsa ya tsaya. Amma can tsakar dare iska ta juya, ruwa ya dinga shigo mana ta ƙarƙashin tamfol, muka kwana a tsugune muna rawar ɗari, alhali mai ciwon ƙafar da aka sa a tanti yana ta minshari. Da asuba Malam ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, ya kwanan inuwa?" Har yau in sun haɗu kowa cewa yake shi ya ci gardamar.

Gardamar tasu ba tasu ba ce su kaɗai. Duk inda ake haɗa jakar ko-ta-kwana, wato jakar da mutum ke ajiyewa a mota ko bayan ƙofa, ko yake goyawa in zai shiga daji, sai an zo kan wannan tambaya. Ba maganar zango na nishaɗi ake yi ba, inda mota ke kai kaya har bakin wurin kwana. Maganar mafakar da za ta raba mutum da ruwa, da rana, da iska ce a daren da bai shirya kwana a waje ba.

Masu goyon bayan tamfol da nauyi suke fara kafa hujja. Tantin mutum biyu na yau da kullum yakan kai kilo biyu ko ya wuce, ga sanduna masu tsawo da ba sa lanƙwasuwa yadda jaka ke so. Tamfol na nailan mai mita uku tsawo da mita uku faɗi kuwa bai cika kai kilo ɗaya ba, kuma ana naɗe shi ya koma kamar ƙullin burodi. Suka ce abin da ya yi nauyi, ranar farko za ka ɗauka, rana ta biyu ka yi tsaki, rana ta uku ka bar shi a gida, kuma ranar da ka bar shi ita ce ranar da ruwa zai tare ka. Duk kilon da tanti ya cinye a jaka, ruwan sha lita guda ya kora, kuma a ƙasa irin tamu ƙishirwa ta fi saurin kisa.

Suna son ba da labarin Emma Gatewood, wata tsohuwa 'yar jihar Ohayo a Amurka. A 1955, tana da shekara 67, ta taka hanyar duwatsun Afalachiya daga farko har ƙarshe, tafiyar da ta haura kilomita 3,000, ba tare da tanti ba. Bargo ta riƙe da labulen leda irin na banɗaki. Daga baya, a shekarun 1990, wani mahayin dutse mai suna Ray Jardine ya yaɗa wannan ra'ayi na rage kaya a rubuce-rubucensa, har tamfol ya zama abin yayi a tsakanin masu doguwar tafiyar ƙasa. Sojoji ma, in ji su, sun daɗe da gane haka. Tun yaƙin basasar Amurka har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ake ba sojan ƙasa na Amurka shi ne ƙyalle guda, rabin rumfa, ya haɗa da na abokinsa su kwana.

Masu tanti ba su musa nauyin ba. Abin da suka ce shi ne, rufi daban, ɗaki daban. Tamfol yana tare abin da ya faɗo daga sama ne kawai, kuma ruwan damina a ƙasar Hausa ba a miƙe yake sauka ba. Kowa ya san yadda hadarin farkon damina ke zuwa: iska da ƙura su riga shi, su ɗage kwanon ɗaki, sannan ruwa ya biyo a karkace. Tanti yana da bango ta kowace fuska, yana da shimfiɗa ɗinkakkiya da ta ɗan tashi a gefe kamar kwano, don haka ko ruwa ya malalo a ƙasa sai ya kewaye. Jiƙewa kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu, kuma da zarar zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, mutum ya shiga haɗari: hannu ya ƙi aiki, magana ta sarƙe, tunani ya rikice. Ba sai an yi ƙanƙara ba. Jiƙaƙƙen kaya da iska mai kaɗawa sun isa, ko a Jos, ko a Mambila, ko a kan Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mai mita 2,419.

Game da tsohuwa Gatewood kuwa, amsarsu mai kaifi ce. Hanyar da ta bi tana da rumfunan kwana da aka gina jefi-jefi, yau sun haura 250, kuma sau da yawa mutanen ƙauyuka sun sauke ta a gidajensu. Wanda ya san akwai rumfa a gabansa yana iya wasa da labulen banɗaki. A dajin Falgore ko Yankari wa ya gina maka rumfa?

Sai babbar hujjarsu, wadda a ganina ita ce ta fi nauyi a wannan yanki: abin da ke rarrafe da abin da ke tashi. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Dare ɗaya a fili a bakin fadama ya isa ya kwantar da ƙato mako biyu bayan ya koma gida yana murnar ya tsira. Ga kunama, ga cinnaka, ga maciji. Garin Kaltungo a jihar Gombe yana da asibiti sukutum na masu saran maciji, kuma ba zaman banza ake yi a cikinsa ba. Tanti mai raga da zif yana rufe wannan ƙofa gaba ɗaya. Mutumin da ya san babu abin da zai hau shi yana samun barci, wanda ya yi barci kuma shi ke wayar gari da hankalin da zai nemi hanyar gida.

A nan masu tamfol suka gyara zama. Suka ce gidan sauro ai ba sabon abu ba ne, kusan kowane gida akwai shi, an sha raba shi kyauta, kuma ba shi da wani nauyi. Ka rataya shi a ƙarƙashin tamfol, ka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma, ka sami abin da tanti ke taƙama da shi, har da ƙarin iska. Maganar maciji kuma a bi ta a hankali. Kububuwa, wadda ta fi kowane maciji ɓarna a wannan yanki, galibi manomi da makiyayi take sara a ƙafa ko a hannu suna cikin aiki ko tafiya, ba mai barci ba. Wanda aka sani da bin mutane har shimfiɗa shi ne kumurci mai tofi, kuma binciken da likita David Warrell da abokan aikinsa suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya nuna da yawan waɗanda ya sara a cikin ɗakunansu suke, suna barci. In bangon ƙasa bai hana shi ba, in ji su, abin da ke hana shi shi ne rufe kowace kafa, kuma gidan sauron da aka cusa da kyau yana taimakawa.

Daga nan suka juya kan raunin tanti, kuma a wannan wuri sun daɗe, don suna da abin faɗa. Tanti na'ura ce mai sassa. Sanda guda ta karye, ɗakin ya durƙushe. Zif ya ci yashi, ƙofa ta ƙi rufuwa, kuma duk wanda ya yi hunturu a Agadas ko Nguru ya san babu zif ɗin da ƙura ba ta kashewa. Irin tantin da ke cika kasuwannin gwanjo, mai sanduna na gilashin roba da ɗinkin da ba a toshe ba, an yi shi ne don wasan yara a bayan gida a Turai, ba don hadarin Yuni ba. Tamfol kuwa ba shi da abin lalacewa sai yagewa, yagewa kuma ana ɗinke ta ko a liƙe ta. In zoben gefe ya fita, sai ka ƙulla tsakuwa a cikin ƙyallen ka ɗaure igiya a wuyanta.

Sannan zafi. A watan Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, rufaffen tanti a rana tanda ce. Direban da motarsa ta mutu tsakanin Agadas da Dirku ba ɗaki yake nema ba, inuwa yake nema wadda iska ke ratsawa, don ya rage zufa ya tattala ruwan jarkarsa. Tamfol da aka ɗaure a jikin mota, aka ɗaga shi sama da kai, shi ke ba da wannan. Da dare kuma tanti yana da tasa matsalar: numfashin mutum da gumin jikinsa sukan taru a rufin, su ɗiga kamar raɓa. Ni shaida ne, domin da gari ya waye a Shere, bargon mai ciwon ƙafa ya yi danshi alhali ko ɗigon ruwan sama bai shiga ba. Mafi muni, rufaffen wuri yana jan mai jin ɗari ya shigo da kurfoti ko risho. Hayaƙin gawayi marar launi marar wari yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba, kuma nailan in ya kama wuta narkewa yake a jikin mutum. A bakin tamfol kana iya hura wuta, ka dafa shayi, ka shanya riga.

Ƙari a kan haka, tamfol bawan aiki ne. Ana tarar ruwan sama da shi, ana naɗa shi a kan sanduna biyu a ɗauki majinyaci, ana rufe kaya, ana shimfiɗa shi a yi salla, in mai launi ne mai haske ana baza shi don masu nema su hango. Mutum shida za su iya fakewa a ƙarƙashin wanda aka saya don mutum biyu. Suka kuma ja hankali ga abin da ƙungiyoyin agaji ke yi. Ƙunshin mafaka na ƙungiyar Red Cross ta duniya tamfol biyu ne, kowanne mita huɗu da shida, da igiya da kayan aiki. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010, tamfol aka fi rabawa a kan tanti, saboda ya fi araha, ya fi shiga matsattsen wuri, kuma mutane na iya mayar da shi rufin ɗaki idan sun fara gini.

Masu tanti suka ce to, an zo wurin. Wannan tamfol na agaji da ake yabo ya haura kilo huɗu, ya ninka tantin da ake kuka da nauyinsa. Shuɗin tamfol na kasuwa da ake shanya hatsi a kai shi ma ba sauƙin naɗewa gare shi ba. Mai sauƙin, na nailan, ba a ko'ina ake samunsa ba, kuma kuɗinsa na iya kamo na tanti. In ka tara tamfol da gidan sauro da shimfiɗa da igiya da turaku, tazarar nauyin da aka fara gardama da ita ta kusa ɓacewa.

Sannan tamfol sai da gwaninta. Kofur ya yi shekaru yana ɗaure shi, ya san ƙulli, ya san karanta iska, amma duk da haka iska ta yaudare shi. Ina ga matar da ambaliya ta koro da yara uku cikin dare? Kuma sai da abin ɗaurawa. A hamadar Tenere an taɓa yin wata bishiya tilo da ta yi suna a duniya saboda babu wata kusa da ita tsawon kilomitoci masu yawa. Mota ta buge ta a 1973, gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai. Mai tamfol a irin wannan fili, in ba mota ko sanda a hannunsa, bargo kawai yake riƙe da shi. Tanti mai siffar ƙwarya a kife yana tsayuwa da kansa a kan yashi, a kan fa, ko a kan simintin makarantar da aka tsugunar da mutane.

Hujjarsu ta ƙarshe ba ta yanayi ba ce, ta mutunci ce. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, suka cika makarantu da sansanoni da gefen titi. A irin wannan taro, mace na buƙatar inda za ta sauya zane, ta shayar, ta kwanta ba a idon jama'a ba. Tsoho marar lafiya na buƙatar sutura. Rufin da ba bango bai biya wannan buƙata ba. Na lura cewa galibin masu ɗaga murya a kan tamfol maza ne majiya ƙarfi da ke tafiya su kaɗai, kuma ba kasafai suke kawo wannan a lissafi ba.

Idan aka tace maganganun nan, abu na farko da ke fitowa shi ne ɓangarorin biyu ba dare ɗaya suke hasashe ba. Mai tamfol yana ganin kansa a tafe, da jaka a baya, kwana ɗaya ko biyu, rana ce babbar abokiyar gabarsa. Mai tanti yana ganin iyali a zaune wuri guda, cikin damina, kwanaki ba adadi. Kowannensu yana da gaskiya a daren da ya zaɓa. Hujjar nauyi ta yi rauni fiye da yadda masu ita ke zato, da zarar an haɗa da gidan sauro, kuma a nan ba a isa a cire gidan sauro ba. Hujjar ƙwari da maciji ita ma ta ragu, tunda raga ce ke aikin ba sandunan tanti ba. Abin da ya tsaya da ƙafarsa a ɓangaren tamfol shi ne inuwa mai iska da rashin abin karyewa. A ɓangaren tanti kuwa, ruwan da iska ke korowa, da sauƙi ga wanda bai iya ƙulli ba, da sutura.

Akwai kuma wani abu na uku da ake cusawa a kusan kowace jakar gaggawa da ake sayarwa, har wasu na ɗauka ya raba gardama: bargon leda mai ƙyalli kamar takardar alawa. Hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ce ta samar da fasaharsa a 1964. Bai fi gram 60 ba, yana shiga aljihu, yana tare iska, yana mayar wa jiki wani ɓangare na zafin da yake fitarwa. Amma a ga abin da ya faru a lardin Gansu na ƙasar Sin ranar 22 ga Mayu, 2021. 'Yan tsere 172 suka fita gudun kilomita 100 a kan tsaunuka, da yawansu da gajeren wando da 'yar riga. Da rana tsaka iska mai ƙarfi da ruwa da ƙanƙara suka sauko. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin yadda iska ta yayyaga bargunan ledar a hannunsu. Mutum 21 suka mutu, cikinsu har da gwanayen da suka fi kowa sanin wannan wasa. Shida daga cikin waɗanda suka rayu wani makiyayin tumaki ne ya kai su kogon da yake fakewa, ya hura musu wuta. Darasin bai goyi bayan tanti ko tamfol kai tsaye ba, domin a irin wannan iska da wuya mai sanƙararren hannu ya kafa ko ɗaya. Abin da ya nuna shi ne ledar ƙari ce, ba mafaka ba, kuma irinta da aka ɗinke kamar buhu, mutum ya shige ciki gaba ɗaya, ta fi shimfiɗaɗɗiyar amfani nesa ba kusa ba.

Wasu abubuwan kuma babu ruwansu da wanda ka zaɓa. Ƙasa tana zuƙe zafin mai kwanciya fiye da yadda ake zato, don haka tabarma ko tarin ganye a ƙarƙashi na iya fin rufin sama muhimmanci a daren hunturu. Busasshen rafi wuri ne mai laushi da ke kiran gajiyayye, amma ruwan da aka yi a wani gari can nesa na iya cika shi cikin dare. Tsawa ba ta san tanti ba, ba ta san tamfol ba, kuma bishiya tilo a kan tudu, wadda mai tamfol zai fi sha'awar ɗaurawa, ita ce mafi haɗari. Sannan ba a fafe gora ranar tafiya: abin da ya jiƙa Malam a Shere ba laifin tanti ba ne, bai taɓa kwance shi daga jakarsa ba sai ranar.

Ni dai a jakar da nake goyawa, tamfol na nailan ne da gidan sauro da igiya mita ashirin, da wannan buhun leda a aljihun gefe. A bayan mota kuwa, inda nauyi ba ya kan kafaɗata kuma iyali ke iya kasancewa tare da ni, tanti na ajiye, kuma sau biyu a shekara nakan sa yara su kafa shi a tsakar gida. Na san wannan rabon bai warware wa wanda kuɗinsa na abu ɗaya ne kawai ba, ko wanda ba shi da mota. Da na gaya wa Kofur, cewa ya yi na yi rabon tsoro. Malam kuma ya tambaye ni, in ruwa ya ci motar fa?